Tambayi Likita: Ciwon Gaɓɓan Hannu

Wani ɗalibi daga unguwar Zariya ya ce kakarsa na hana shi ƙyasta yatsu, wai zai jawo masa sanyin ƙashi.

Ba ya jawowa. Amma ka daina a gaban kaka, don a zauna lafiya.

Wani tela daga Tasawa, mai shekara 60, ya ce gindin babban yatsansa na ciwo in ya riƙe almakashi, da safe yakan sandare na 'yan mintoci.

Baba, wannan zaizayewar guringuntsi ce, aikin shekaru da tsufa. Ka riƙa tsoma hannun cikin ruwan ɗumi da safe, ka sha farasitamol in ya matsa, kana ɗan hutawa tsakanin ɗinki. In ya kumbura, ka je likita.

Wata baiwar Allah daga Tibiri, mai shekara 38, ta ce wata biyar ke nan yatsunta da wuyan hannu biyun suna kumbura, ba ta iya riƙe taɓarya sai hantsi. An yi mata tsaga, an ce iska ce. Yanzu tana shan deksa, ƙwayar rage kumburi, daga mai tebur, kuma tana jin sauƙi.

'Yar'uwa, wasiƙarki ce ta fi tayar min da hankali. Hannu biyu lokaci guda, kumburi, sandarewar da ke wuce awa ɗaya da safe: wannan ya yi kama da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke juyowa tana cin gaɓar mai ita. Ya fi kama mata. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba wankin hunturu ya kawo shi ba, ko da sanyi na ƙara masa zafi. Askar wanzami ba ta kai inda ciwon yake, sai dai ta bar miki miki.

Deksa kuwa, wallahi na gaji da ganin ɓarnarsa. Sauƙin da kike ji gaskiya ne, amma gaɓar na ci gaba da lalacewa a ɓoye. Mace za ta shigo min fuska ta yi kumtsi, 'yan'uwa na murna ta yi ƙiba, a auna a tarar da hawan jini da ciwon suga. Yana raunana ƙashi. Wasu ma har su haɗa da maganin ciwo diklofenak kullum, ga gyambon ciki, ga ciwon ƙoda.

Amma kada ki yanke shi rana ɗaya, jikin da ya saba zai iya faɗuwa. Ki ɗauki sauran ƙwayoyin ki zo babban asibitin Maraɗi, a yi gwajin jini da hoton hannu, a rage miki shi a hankali. Akwai maganin da ke tsayar da cutar, metotireksat. Sau ɗaya a sati ake shan sa, ba kullum ba, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, don haka ki gaya wa likita gaskiya. Yatsan da ya riga ya karkace ba ya miƙewa. Kada ki jira a gama girbi, ki zo cikin satin nan.

Wata uwa daga Madarumfa ta ce ɗanta mai wata tara hannayensa sun kumbura, yana ta kuka.

Malama, jariri ba ya sanyin ƙashin tsofaffi. Ki kai shi yau a gwada sikila, balle in da zazzaɓi.