Odewale: ƙaddara ce ta halaka shi ko girman kai?

Ƙanwata daga Daura, kin ce jarrabawar adabi ta matso, kuma kin rasa gane ko ƙaddara ce ta kayar da Sarki Odewale a wasan kwaikwayon Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, ko halinsa. A nan ɗalibaina na Katsina suka fi yin tuntuɓe.

Ki fara da duban boka Baba Fakunle lokacin da aka haifi Odewale: jaririn zai kashe ubansa, ya auri uwarsa. Ƙaddarar ke nan. Amma duba yadda ta cika. A rigimar gona Odewale ya kashe wani dattijo saboda ya yi wa ƙabilarsa ba'a, bai san cewa mahaifinsa ne, Sarki Adetusa na Kutuje, ba. Zafin rai ne ya share wa ƙaddara hanya. Da ya hau gadon sarautar Kutuje kuma, girman kai ya sa ya zargi Aderopo, ɗan tsohon sarki, da kwaɗayin karagarsa, ya ƙi sauraron gaskiya.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne rantsuwarsa a gaban jama'a cewa sai ya hukunta wanda ya kashe tsohon sarki, alhali kansa yake farauta. Mai kallo ya gano, shi bai gano ba. Ki bayyana wannan da kyau, akwai maki a ciki.

Kada ki cika takarda da maimaita labari, kawo hujja daga wasan. Kada kuma ki cakuɗa ƙaddarar wasan da aƙidarmu. Wannan sai malamin Islamiyya. Ki roƙi malamin adabinku ya duba amsarki da tsoffin tambayoyin WAEC.