Amsar muryar Hajiya kan tsarin abincin faliyo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Hajiya na ji muryarki tun ɗazu, hannuna ne ba a sake ba shi ya sa ban amsa ba, a yi min afuwa. Kin ce kina so ki fara faliyo ɗin nan saboda ƙiba da kuma suga da aka ce ya fara hawa, amma an ce sai kin bar wake da shinkafa da madara kwata-kwata, wai haka ne? Toh ni na yi shi wata huɗu cur, bari in gaya miki yadda abin yake.

Sunan daga zamanin dutse ya samo asali, lokacin da mutane ba su fara noma da kiwo ba, sai farauta da tsince-tsince a daji, shi noma ai bai wuce shekara 10,000 zuwa 12,000 da farawa ba. Masu tsarin suka ce jikin ɗan Adam bai gama sabawa da abincin gona ba, don haka a koma nama, kifi, ƙwai, ganyaye, 'ya'yan itatuwa, a bar hatsi, a bar wake, a bar madara, a bar sukari da duk wani abin gwangwani ko na leda. Har gyaɗa fa Hajiya, don ita dangin wake ce, wannan kam ya ba ni haushi lokacin. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1985 wasu masana biyu a Amurka, Eaton da Konner, suka yi rubutu a kai a mujallar likitoci, sai wani malamin jami'a Loren Cordain ya fitar da littafi a 2002, daga nan abin ya bazu.

Ya yi min aiki? Wallahi ya yi. Kayana suka yi min yawa, kasalar nan ta bayan azahar ta tafi, kwaɗayin zaƙi ya ragu bayan kamar sati biyu, amma satin farko kam na sha ciwon kai da saurin fushi, mutanen gida sun ji a jikinsu. Sai dai da na zauna na yi lissafi, me na bari ne ainihi? Lemon kwalba kullum, biskit da shayin dare, taliyar leda, kek, soye-soye, alawar da nake cewa ta yara ce alhali ni ke shanyewa. Gwangwanin lemo ɗaya mai milimita 330 sukarin ciki ya kai wajen giram 35, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babba kar ya wuce kamar giram 50 a yini, in ma so samu ne 25. Kin ga gwangwani ɗaya ya kusa cinye rabon yini guda. Toh ni da na bar duk wannan, ina ruwan wake da ramewata? Laifin wani aka ɗora wa wani.

Akwai gwajin da aka yi a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya fito a 2019, wani Kevin Hall ya jagoranta. Mutum 20 aka kwantar wata guda, sati biyu ana ba su abincin kamfani wanda aka sarrafa sosai, sati biyu kuma dafaffen abinci na asali, aka ce kowa ya ci iya cikinsa. A satin abincin kamfani sai da suka riƙa ƙara cin wajen kalori 500 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki) a yini ba tare da sun sani ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan kilo ɗaya. Kuma abincin asalin da aka ba su akwai hatsi a ciki, akwai wake, akwai yogot, wato ba faliyo ba ne, amma nauyi ya sauka. Mutum 20 ba yawa, na yarda, amma ya zo daidai da abin da na gani a jikina.

Ita kanta maganar wai mutanen da ba sa cin hatsi, akwai gyara. An samu burbushin sitacin hatsi, har da wanda aka dafa, a dattin haƙoran tsoffin mutane da aka tono a kogon Shanidar na Iraƙi, sannan a wani wuri Ohalo bakin tafkin Galili an samu dutsen niƙa da ƙwayar hatsin daji na wajen shekara 23,000. Kuma ba abinci ɗaya kowa ke ci ba, mutanen Hadza a Tanzaniya har yau suna farauta amma zuma da saiwoyi suna da yawa a abincinsu, su kuma Inuwit na yankin ƙanƙara kusan nama da kifi ne kawai. Wanne za ki bi a ciki? Jiki ma yana canzawa, al'ummomin da suka daɗe suna kiwo da yawansu cikinsu na narkar da madara har tsufa, wasu kuma kofi ɗaya sai kumburi da gudawa. Wannan ke za ki gane da kanki, ba sai wani ya hana ki ba.

Ni dai shawarata ki ɗauki rabin da ke da amfani. Ki dafa da kanki, rabin faranti ganye da kayan lambu, ana so mutum ya samu aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, gishiri kar ya wuce giram 5, kamar ƙaramin cokali ɗaya ke nan har da na cikin dunƙule. Shinkafa ki rage, ki nemi hatsin da ba a cire masa dusa ba. Wake kuwa dan Allah kar ki bari, yana riƙe ciki, ba ya harba suga da sauri, kuma lokacin da na bar shi da hatsi bayan gida sai da ya zame min aiki, ku yi haƙuri da maganar. In kin bar madara ki san inda za ki samo kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, babba na buƙatar wajen miligiram 1,000 a yini, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu da ganyaye suna taimakawa amma sai an dage.

Kar kuma faliyo ya zama lasisin cin jan nama safe da rana da dare, wasu haka suke yi. Sosej da naman gwangwani dama ba sa cikin tsarin faliyo, tun 2015 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa irin wannan naman cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji.

Yawwa, sai babbar maganar, tunda kin ambaci suga. In an ɗora ki kan magani, musamman allurar insulin, kar ki yanke sitaci dare ɗaya, suga na iya faɗuwa ƙasa, jiri, gumi, rawar jiki, har suma. Ki fara ganin likitanki ya daidaita miki maganin, in akwai matsalar ƙoda ma ki gaya masa don yawan nama ba ya yi wa mai ita daɗi. Ki turo min abin da kika ci jiya daga safe har dare, kar ki ɓoye na tsakiyar dare, sai mu duba wanne za a fara cirewa. Bari in je, tukunyata na ƙauri.