Kawu, a nan kafin a ba ka izinin gini sai an ƙirga motocin da zai jawo

Assalamu alaikum Kawu, barka da war haka. Ya iyali, ya kasuwa? Saƙonka ya iso, inda kake tambaya me ya hana mu buɗe wurin da jama'armu suka saya a nan Manchester, alhali kuɗi sun cika kuma takardar mallaka tana hannu. Har ka ce ko rigimar shugabanci ce ta taso. Allah ya kiyaye, babu ko ɗaya. Lissafin motoci ne ya tsayar da mu, kuma na san maganar za ta ba ka dariya, don haka bari in warware maka ita.

Ginin da muka saya tsohon sito ne. A Ingila, mallakar gini daban, izinin abin da za ka yi a cikinsa daban. In za ka mayar da sito masallaci da makarantar yara da zauren suna, sai ka nemi izini wurin ƙaramar hukuma. Cikin takardun da za ta nema har da rahoton zirga-zirga: mutum nawa za su riƙa zuwa, ƙarfe nawa, da mota ko bas ko ƙafa, ina za su yi fakin, kuma wace mahaɗa ce za ta ɗauki nauyinsu. Babban aiki kamar rukunin gidaje ko katafaren kanti, cikakken bincike ake nema. Ƙarami irin namu, taƙaitaccen bayani, sai kuma tsarin yadda za mu rage yawan motocin.

To, ga inda abin ya yi daɗi. Mu a gida in an ce Manchester gari ɗaya muke nufi. Amma yankin ƙananan hukumomi goma ne: Manchester ɗin kanta, da Salford, Trafford, Stockport, Tameside, Oldham, Rochdale, Bury, Bolton da Wigan. Kowacce ita ke ba da izinin gini a ƙasarta, ita ke kula da titunanta. Ka tuna yadda mutum zai tashi daga Tarauni ya ratsa Municipal ya faɗa Fagge bai ma san ya canza ƙaramar hukuma ba? Haka nan ma. Wurinmu yana dab da iyaka. Ginin yana cikin wata hukuma, amma shataletalen da galibin mutanenmu za su bi da layukan da za su nemi fakin suna cikin maƙwabciyarta. Wadda za ta ba da izini ba ita za ta sha gosulon ba. Don haka dole ta aika wa maƙwabciya da takardunmu ta ji ta bakinta. Akwai kuma hukumar sufuri ta haɗin gwiwa, TfGM, wadda aka kafa a 2011, shekarar da hukumomin goma suka kafa majalisarsu ta tarayya. Ita ke sarrafa danjojin yankin duka, ita ke riƙe da babban lissafin kwamfuta na yadda motoci ke gudana, kuma akan nemi shawararta a ayyukan da za su taɓa manyan hanyoyi ko layin bas. In abin ya kai ga babbar hanyar da ta kewaye gari, M60, wannan kuma ta gwamnatin ƙasa ce, sai an ji ta bakin hukumarta.

Za ka ce, ta yaya ake sanin motocin ginin da ba a buɗe ba tukuna? Ba duba ake yi ba. Tun 1989 hukumomi shida na kudancin Ingila, wato Dorset, Hampshire, Kent, Surrey, East Sussex da West Sussex, suka haɗa kai suka fara tara ƙidaya wuri guda. Ana zuwa ƙofar gine-ginen da suka riga suka fara aiki, gidaje ne, ofisoshi ne, makarantu, asibitoci, har wuraren ibada, a ƙirga duk mai shiga da mai fita tun safe har dare. Ma'ajiyar ana ce mata TRICS, kuma yanzu da ita ake aiki a faɗin Birtaniya da Ireland. Mai neman izini zai zaɓo gine-gine masu kama da nasa a girma da irin unguwa, ya ciro adadin tafiye-tafiyen da kowane gida ko kowane murabba'in mita ɗari ke haifarwa, ya ninka da nasa. Injiniyan hukuma ma zai buɗe ma'ajiyar nan ya duba ko an zaɓo misalai na gaskiya ko an yi wayo. Kai da ka yi shekaru kana cinikin hatsi ka fi ni sanin amfanin mudu ɗaya. In mai saye da mai sayarwa kowa ya zo da nasa, gardama ba ta ƙarewa.

Sai kuma ƙidayar titin kansa. Wannan na gani da idona. Suna shimfiɗa baƙaƙen robobi biyu a gicciye kan kwalta, a ɗaure su da wani ɗan akwati a jikin turken fitila, duk motar da ta taka sai ya rubuta, har da gudunta. A mahaɗa kuwa kamara suke ɗorawa a dogon ƙarfe don a ga masu yin dama da masu yin hagu. Ba sa yarda da ƙidayar da aka yi lokacin hutun makaranta, don titi yakan yi sauƙi. Abin da suka fi damuwa da shi sa'o'in rububi ne, wajen takwas na safe da biyar na yamma. Kuma ba a tsayawa kan abin da ke titi yau. Sai an ɗora motocin duk gine-ginen da aka riga aka ba izini amma ba a gama ba, ko da a ƙaramar hukumar maƙwabta suke. A ganina nan ne haɗin kan yake da amfani na gaske. Gida hamsin nan, gida ɗari can, kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma duk danja ɗaya za su tsaya.

Mu dai matsalarmu Juma'a ce. Sauran kwanaki sahu biyu ko uku ne, galibi masu zuwa da ƙafa. Ranar Juma'a kuwa cikin rabin awa kowa zai sauko, masu tasi da masu kai kaya su fi kowa gaggawa. Ƙwararren da muka ɗauka ya ce misalan wuraren ibada da ke ma'ajiyar ba su isa su nuna halinmu ba, don haka muka ƙirga kanmu. Matasa suka tsaya a ƙofar zauren da muke haya da takarda da biro, suna tambayar kowa daga wace unguwa ya taso, da me ya zo, su nawa ne a motar. Wani dattijo ya ɓata rai, wai shi ba a taɓa tambayarsa yadda ya zo masallaci ba, sai da liman ya yi bayani bayan sallah. Daga nan aka tsara abin da muka yi alkawari a rubuce: Juma'a zama biyu da tazara a tsakani, 'yan agaji da rigunansu masu ƙyalli a bakin layi don kada kowa ya tare ƙofar gidan wani, wurin ɗaure kekuna, da yarjejeniya da masu wani fili kusa su ba mu aron wurin fakin na awa biyu. Su 'yan agaji dama al'adarmu ce daga gida, nan sai ta zama sharaɗi a takarda.

Wannan hali ya shiga jikin mutanenmu fiye da yadda kake zato. Yanzu in za a yi suna ko walima, sanarwar da ke yawo a WhatsApp takan zo da lambar bas da sunan tashar tiram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, mafi kusa, da gargaɗin layin da ba a fakin. Tun da aka fara mayar da bas-bas ƙarƙashin ikon hukuma a Satumbar 2023, waɗannan masu ruwan ɗorawa da ake kira Bee Network, abin ya ƙara sauƙi, don an gama haɗe yankin duka a Janairun 2025. Burin da hukumomin yankin suka sa wa kansu shi ne zuwa 2040 rabin tafiye-tafiye su zama na ƙafa, keke ko motar haya ta gwamnati.

Kada ka ɗauka komai lafiya lau ne. Ƙa'idar ƙasa ta ce ba a hana izini saboda hanya sai in akwai haɗari ga rayuka ko kuma cunkoson da zai taru ya yi tsanani. To mene ne tsanani? Nan lauyoyi da injiniyoyi ke cin abinci. Babban kamfani yana da kuɗin ɗaukar ƙwararru su yi ta juya alƙaluma har su yi kyau, mu kuwa kuɗin rahoton daga asusun Juma'a ya fito. Su kansu hukumomin ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Sun so su yi tsarin gine-gine guda na yankin duka, amma a Disambar 2020 Stockport ta janye saboda rigimar gina gidaje a filayen bayan gari da doka ta keɓe. Tara suka ci gaba, suka amince da tsarin a Maris 2024. Sai dai mazaunin Stockport bai daina tuƙa motarsa zuwa aiki cikin Manchester ba, don haka ko sun so ko sun ƙi, sai sun zauna kan lissafin hanya.

Duk da haka ni ina goyon bayan ƙidayar, kuma ga dalilina. In an liƙa sanarwar neman izini, maƙwabta suna da kwana 21 su rubuto ra'ayinsu. Wasu kukansu gaskiya ne. Tsohuwar da ke tsoron a tare mata ƙofa motar asibiti ta kasa shiga tana da haƙƙi a kanmu. Wasu kuwa ba fakin ne ya dame su ba, mu ne ba sa so, amma sun san wannan ba hujja ba ce a gaban kwamitin kansilolin da ke yanke hukunci kan izini, sai su fake da cunkoso. Da babu ma'auni, mai ƙarfin murya ne zai yi nasara. Da yake akwai, kansila zai juya ya tambayi injiniyan hanya abin da alƙaluma suka nuna, kuma in kwamiti ya ƙi ba tare da hujja ba, akwai ɗaukaka ƙara wurin sufeton gwamnati, har ma a iya sa hukumar ta biya kuɗin shari'a.

In an ba da izini ma ba a rabu ba. Sashe na 106 na dokar tsara garuruwa ta 1990 ya ba hukuma damar ƙulla yarjejeniya da mai gini ya biya kuɗin gyaran abin da gininsa zai jawo, ko tsallakar masu ƙafa, ko rumfar jiran bas, ko layin hana fakin. In aikin kan titi ne kai tsaye, sashe na 278 na dokar hanyoyi ta 1980 ake bi. Namu, maƙwabciyar hukuma ta nemi a ja layin hana fakin a kwanar da ke kusa da makarantar firamare, mun kuma yarda za mu biya. Hukumarmu ta ce za ta so a sake ƙidaya bayan mun yi shekara da buɗewa, a gwada da abin da muka faɗa. Yanzu jiran ranar zaman kwamiti muke, kuma mun zaɓi mutum ɗaya da zai yi magana a madadinmu, don 'yan mintuna kaɗan ake ba mai neman izini. A taya mu da addu'a, a kuma gaida su Inna.