Hukuncin gina tankin ruwa da kuɗin zakka

Tambaya: Allah gafarta Malam, unguwarmu a gefen birnin Bur Sudan na ƙasar Sudan take, ba famfo, ba takardar fili. Ruwa sai na masu amalanken jaki. Tun da yaƙi ya koro mutane a 2023 farashi ya hau, da madatsar Arba'at mai ba birnin ruwa ta fashe a Agustan 2024 kuma abin ya ƙazanta. 'Yan kasuwarmu suna son haɗa zakkarsu a gina tanki na kowa da kowa. Ya halatta?

Amsa: Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Ɗan'uwa, niyyarku kyakkyawa ce, amma wannan tanki ba a gina shi da zakka. Allah ya ƙidaya masu cin ta, kashi takwas, a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma haƙƙin talaka ce da ake damƙa masa ya mallaka. Tanki kuwa mai kanti zai ɗiba, marainiya ma za ta ɗiba. Shi ya sa Malikiyya da jumhurin malamai suka hana a zuba ta a rijiya, gada ko masallaci. Na san wasu malaman baya-bayan nan sun faɗaɗa "fi sabilillahi", ɗaya daga cikin kashi takwas ɗin, har ta shafi ayyukan jama'a. Ban bi su ba a mas'alarku, don akwai ƙarin dalili: filin ba takarda. In aka wayi gari an rushe unguwar, rabon miskinai ne ya bi ƙasa.

Ku miƙa zakkar hannu da hannu ga gidajen da kuɗin ruwa ke cinye musu na cefane. Wanda ya karɓa, in ya ga dama ya saka wani abu a asusun tankin, ya halatta, muddin ba a gindaya masa sharaɗi ba. Kada a yi dabarar "karɓi ka maido". Abin da Diwanin Zakka, wato hukumar gwamnati mai tattara zakka, ya riga ya karɓa kuwa ya sauka daga wuyanku.

Tankin ku yi shi wakafi, daga dukiyar da ba zakka ba. Haka Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Da Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi sadakar da ta fi, Annabi (SAW) ya ce shayar da ruwa. Ba laifi a sa ɗan kuɗi kan kowace jarka don gyara da ladan mai tsaro, a yafe wa marasa hali.

Wallahu a'alam.