Amsoshin wannan makon: kaurin molasis, zuma da man tarakta

Wani mai kiwon shanu ya rubuto yana cewa zai sayi famfon da zai riƙa jan molasis, wato baƙin ruwa mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari daga rake, daga tanki zuwa wurin haɗa abincin dabbobi. Takardar famfon ta ce iyakarsa 5 Pa·s, shi kuma mai sayar da molasis ɗin ya ce kaurinsa 8,000 cP ne, wai kansa ya ɗaure, ina biyar ina dubu takwas?

Malam kwantar da hankalinka, abu ɗaya suke aunawa, sunan ma'aunin ne ya bambanta. Paskal-sakan ɗaya, wato 1 Pa·s, daidai yake da santipoyis 1,000, wato 1,000 cP. Kaga ke nan famfon naka iyakarsa 5,000 cP, molasis ɗin kuma 8 Pa·s ne. Ya fi ƙarfinsa, kar ka saya. In ka ga an rubuta mPa·s da ƙaramin m a gaba, wannan shi ne cP ɗin kansa, ba sai ka yi wani lissafi ba. In tsohon littafi ne kuma ya ce poyis da babban P, to poyis 10 ne ke yin Paskal-sakan ɗaya, poyis ɗaya kuma santipoyis 100 ne. Wasu takardun Amurka za ka ga lb/(ft·s), wannan ka ninka da 1,488 ka samu cP.

Amma ni abin da ya fi damuna, kuma na sha faɗa har na gaji, ba wanda ke tambayar a wane zafi aka auna. Lambar kauri ba tare da digirin zafi ba kusan ba ta da amfani. Ruwa a digiri 20 na ma'aunin Celsius kaurinsa wajen 1 cP ne, zafi ko sanyi ba ya canza shi ta yadda za ka lura da ido, amma molasis da rana tsaka zai zubo daga bokiti ba gardama, da asuba cikin sanyi kuwa ka kifa bokitin ka tsaya kana jiransa yana saukowa kamar ba ya so. Don haka ka koma wurin mai sayarwa ya faɗa maka 8,000 ɗin a digiri nawa ne, sannan ka zaɓi famfo da lissafin lokacin sanyi, ba lokacin zafi ba.

Kuma dan Allah a daina saka injin ban ruwa a wannan aikin. Farfelarsa juyawa kawai za ta yi a ciki tana kaɗa abin ba ya tafiya, injin ya yi zafi, ƙarshe a ƙona kwayil a ce kayan ne ba su da kyau. Famfo mai haƙora ake nema ko mai dunƙulen ƙarfe kamar sukuru, masu turawa a hankali. Sai maganar bututu, wadda ita ce ta fi araha kuma ita aka fi rainawa. Sunan poyis ɗin nan daga wani likitan Faransa ne, Poiseuille, wanda ya yi nazarin yadda ruwa ke bi ta siraran bututu saboda yana son fahimtar gudun jini. Abin da ya gano shi ne in abu na tafiya a hankali cikin bututu, ka ninka faɗin bututun sau biyu, abin da ke wucewa zai ninku sau 16 da ƙarfin turi iri ɗaya. Sau goma sha shida fa! Mutum zai sayi babban famfo ya liƙa masa tiyon inci ɗaya mai tsawo da lanƙwasa uku, alhali inci biyu gajere ya raba shi da matsalar.

Wata baiwar Allah mai kiwon ƙudan zuma ta ce zumarta ba ta bin rariya, ko ta ɗora a wuta? A'a Hajiya. Ki sa mazubin cikin ruwan ɗumi ya kai wajen digiri 35, zafin cikin amya ke nan, za ta saki. In ta wuce 40 ta daɗe a haka sai ta fara lalacewa. Ruwa kuwa ko ɗigo kar ki ƙara, in danshinta ya haura kashi 20 cikin ɗari tsami za ta yi.

Mai tambayar ko 46 da ke jikin jarkar man haidirolik santipoyis ne: ba shi ba ne, santistok ne a digiri 40, wani ma'auni ne daban da ake samu in an raba cP da nauyin abin a kan na ruwa. Man bai kai ruwa nauyi ba, kusan 0.87 na nauyin ruwa ne, don haka 46 ɗin zai zama wajen 40 cP. A molasis kuwa da nauyinsa ya kai na ruwa sau 1.4 tazarar babba ce, 8,000 cP zai dawo wajen santistok 5,700.

Shi kuma wanda aka tallata masa maganin tsinka molasis mai tsada, riƙe kuɗinka ɗan'uwa. Ruwan ɗumi ya isa, amma ka dama iya na yini ɗaya, in ya kwana da ruwa zai fara kumfa da tsami.