Kafin ya ja kunamar, wa ya sayi bindigar dominsa?

Ɗana, na karanta babi huɗun da ka kawo, har da tambayar da ka rubuta a bayan takardar ƙarshe: "Malam, a wane babi ya kamata ya harba ta?" Ka yi gaggawa. Da sauran tafiya kafin a kai wurin harbi.

Ga abin da ka gina: tsohon malamin firamare a Gusau ya san ranar da zai mutu, sai ya je ya sayi bindiga. To, wa ya gaya masa ranar? Ka ce mafarki ya yi. Mai karatunka tun yana yaro ya ji ƙarshen Suratu Luƙman, cewa babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, ko ƙasar da zai mutu a cikinta. Da ka ba mutum rana da sa'a, ya ajiye littafin ya koma gardama da kai. Ka haɗa tsohon malamin da likita. Likita ba ya yanke rana, "watanni" yake cewa, idonsa a kan takarda. Wannan ya fi mafarki tayar da hankali, domin kullum gari ya waye sai mutumin ya sake lissafi.

Babi na uku shi ya ba ni dariya. Ya shiga kasuwa ya fito da bindiga kamar wanda ya sayi buhun gero. Ko a Amurka, mai saye a shagon da ke da lasisi sai ya cike takarda an binciki tarihinsa. A nan Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta raba su: irin na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, irin na farauta masu lasisi sai Sufeto Janar na 'yan sanda, harba-ka-ruga kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisi don kare kansu daga 'yan bindiga, 'yan sanda suka ce an dakatar da bayar da lasisin. Ka sa labarinka a wannan lokacin. Mutumin da ke ƙirga watanninsa, a ce masa "ka dawo wani makon": ga babi guda ka samu kyauta.

Da kuɗin fansho ma, wace bindiga zai iya saya? Wurin maƙeri zai ƙare. Kai ma ka je ka zauna a maƙera ka ga yadda ake ɗura albarushi ta baki a danna shi, ka tambayi maharba abin da damina ke yi wa albarushi. Harbi ɗaya ne, kafin a sake ɗurawa an gama komai. Ni da ni ne, wannan zan ba shi.

Na san inda ka samo tambayarka. Ka ji maganar Anton Chekhov, marubucin Rasha, cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole a harba ta daga baya. Shi kansa likita ne, ya yi shekaru da tarin fuka ya kuma san abin da ke cin sa, ya mutu a 1904 yana da shekara 44. Abin da yake nufi, kada ka yi wa mai karatu alkawarin da ba za ka cika ba. Bai ce lallai wanda ya saya shi zai harba ba.

Nan aikin yake. Wanda ya san tafiyarsa ta kusa, ransa ba shi yake tsaro ba. To don wa? Matarsa, ranar da ta ga bindigar a bayan buhuna, abin da zai fara faɗo mata shi ne ko kansa yake nufi, kuma ba za ta iya furtawa ba. Ka bar ta da wannan zargin babi biyu, tana ɓoye albarushi, shi yana nema bai ce komai ba. Idan kuwa don iyalinsa ne, shi ba zai kasance ba ranar da za a buƙace ta. Dole ya koya wa wani. Kana da yaro ɗan shekara goma sha biyar a babi na ɗaya wanda ba ka ba shi aikin komai ba sai kawo ruwan alwala. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koya wa yara baƙi da lissafi, yanzu ya kama hannun ɗansa ya ɗora a kan kunama. Ina son in ga yadda zai yi masa bayani, da abin da zai ce idan yaron ya tambaye shi dalili.

Ka sake babi na uku, ka cire mafarkin, ka kawo mini ranar Asabar bayan la'asar. Ka kuma ba yaron suna.