Spider-Man Biyu Daga Dila Ɗaya

Jiya da muke fasa dilar kayan wasan nan ta gwanjo ka ce mini: "Maigida, ga Spider-Man biyu iri ɗaya, ja da shuɗi, tsayinsu ɗaya. Me ya sa ka jefa ɗaya a kwandon yara, ɗayan kuma ka naɗe shi a tsumma ka sa a durowa?" Ciniki ne ya hana ni ba ka amsa. Ɗauko su duka biyun, ɗana, ka zo nan bakin ƙofa inda haske yake.

Kada ka fara da kallo, ido yakan ruɗi mutum, kuma kama da wane ba wane ba ne. Kai kowanne hancinka tukuna. Ka ji na hagun yana tashin warin sabon silifa, mai hawa kai? Robar banza ke nan. Na asali da wuya ka ji masa wari mai ƙarfi haka.

To, lanƙwasa gwiwar na daman a hankali. Gaɓa biyu ce a gwiwar, tana tafiya da ɗan tauri, inda ka sake ta nan take tsayawa. Ɗaga hannunsa sama, ka ga bai faɗo ba. Yanzu gwada na hagun. Ƙafa ɗaya tana lilo, ɗayar ta cije kamar za ta karye. A nan rabin aikinmu yake. Kamfanin kirki yana raba roba gida-gida: mai laushi da ake kira PVC a hannu da ƙafa da kai, mai tauri ABS a ƙirji da inda ake son ƙarfi, kuma ana auna ramin gaɓa da ƙusarta su zauna daidai. Mai buga jabu ba ruwansa da wannan awo. Shi dai a ga siffar daga nesa a saya.

Sai yanzu ido zai yi aiki. Dubi zanen yanar gizo-gizon da ke ƙirjin na daman, layi siriri, ko'ina kaurinsa ɗaya. Farin idon yana zaune cikin baƙin da ya kewaye shi, bai zubo waje ba. Na hagun fa? Farin ya haye baƙin, layukan sun dakushe, ga gezar roba a gefen cinya inda mazubin ya haɗu ba a kankare ba. Dalilin shi ne yawancin masu jabu ba su da mazubin ƙarfe na kamfani. Sayen na asali suke yi su kwafi siffarsa, kowane kwafi kuwa yana cinye ƙananan zane, wani lokaci har ya ɗan motse. Jera su kafaɗa da kafaɗa ka gani.

Juya su ka nemi tambari, a tafin ƙafa ko a cinya. Na daman ya fito da sunan Marvel, kamfanin da ke da Spider-Man, da Hasbro, kamfanin da ya ƙera shi, tsaf. Na hagun ma yana da rubutu, amma ya shafe kamar an taka laka. Kuma kada rubutun da ke cewa a Chaina aka yi ya sa ka raina kaya, don na asalin ma mafi yawansu can ake zuba su.

Na daman nan da ke hannunka daga jerin Marvel Legends yake, masu tsawon inci 6. Kamfanin Toy Biz na Amurka ne ya fara su a 2002, Hasbro ya karɓa a 2007. Manya ne ke tara su, mutanen da suka tashi da littattafan zanen jaruman nan, kuma abin da suka fi tambaya bayan asali shi ne: ya cika? Yawanci akan sako ƙarin hannuwa, wani lokaci da kai na biyu. Tun 2005, da aka fara da wani ƙato mai suna Galactus, akan kuma sa gaɓa ɗaya ta wani babban jarumi a kowane kwali, sai ka sayi jerin duka kafin ka harhaɗa shi. Shi ya sa nake hana ka share ƙasan dila ka zubar. Zazzage ta a faranti ka tsince. Ɗan dunƙulallen hannun da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, akwai mai nemansa shekara da shekaru.

Akwai tsofaffi biyu da nake so ka riƙe sunansu. Na kamfanin Mego, da suka fara fitowa a 1972, inci 8 ne, da tufafin yadi na gaske, robar ɗauri ce ke riƙe gaɓoɓinsu daga ciki. Na kamfanin Kenner kuma, jerin Super Powers, daga 1984 zuwa 1986, ƙanana ne, in ka matse ƙafafun Superman sai ya kai naushi. Mayafin yadin da ke wuyansa shi ne ya fi ɓata, wanda ya zo da nasa na asali ya fi marar mayafi daraja nesa ba kusa ba. In ka ci karo da ɗayansu, kira ni kafin ka yi wa kowa kuɗi.

Wanda ke cikin kwalinsa ba a buɗe ba kuwa, ba kasafai yake faɗo mana ba. In ya faɗo, kada ka buɗe, kada ka ɓare takardar farashi. A Amurka har kamfani ake da shi, AFA, mai duba kwalin da robar da ta rufe shi da jarumin kansa, ya ba da maki zuwa 100, ya kulle shi a akwati mai garai-garai.

Abin da ya fi damuna da ku yara shi ne son gyara. Farkon shigata harkar nan na goge fuskar wani Batman da man cire jan farce don in fitar da tabo. Tabon ya fita, fentin ya bi shi, robar ta yi fari ta ɓaci. Har yau ina jin zafin abin. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa. Gaɓar da ta cije, kada ka yi mata ƙarfi, tsoma ta a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na kamar minti ɗaya, robar za ta yi laushi ta motsa da kanta. Fenti kuwa ko ɗigo kada ka ƙara, mai tarawa ya fi son tabon asali da gyaran hannu.

Zafin garin nan ma abokin gāba ne. Rana tana kashe ja, tana mai da fari rawaya, zafi kuma yana sa man da ke cikin PVC ya tsattsafo har jikin ya yi danƙo. Don haka na kirki ba ya hawa teburin waje. Je ka wanke wannan, ka shanya a inuwa, in ya bushe sarai ka sa shi a ledarsa shi kaɗai. Sannan ka kawo farantin tsintar jiya mu duba ko hannuwansa na ciki.